Talatin da takwas: abin da gwajin dalma ke faɗa game da jinin yaro, da abin da ba ya faɗa

Wata ƙanwata, 'yar kawuna da ke aure a wani ƙauye a ƙasar Anka, ta taɓa zuwa gidanmu a Gusau da wata 'yar takarda ƙulle a bakin zanenta. Takardar ta sha ninki har ta fara yagewa. Sunan ɗanta ne a sama, sai ranar da aka ɗebi jininsa, sai lamba guda da aka rubuta da biro: 38. Ta miƙo mini ta ce, "Yaya, mi wagga lamba ka nufi? Sun ce akwai dalma ga jininai, kuma sun ce ba a ba shi magani. In ciwo na, a ba shi magani mana. In ba ciwo ba na, don mi aka tada mini hankali?"

Yaron yana tsakar gida yana bin kaji da gudu. Ba zazzaɓi, ba rama, ya cinye tuwonsa tas. Duk wanda ya gan shi zai ce lafiyarsa ƙalau. Tambayar uwar kuwa tana kan hanya, domin a saninmu ciwo shi ne abin da ke kwantar da mutum, magani kuma shi ne abin da ke tayar da shi. Gubar dalma ba ta bin wannan tsari, shi ya sa mutum zai riƙe sakamakon gwaji a hannu ya rasa inda zai ajiye shi a ransa.

Mu a Zamfara da tsada muka san wannan gwaji. A farkon shekarar 2010 aka fara rasa yara ƙanana a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ta hanyar da ba a saba gani ba. Yaro zai fara amai, ciki ya riƙa murɗawa, ya daina wasa, sai jijjiga, sai suma, kafin a ankara an kai shi makwancinsa. Lokacin zafi ne, lokacin sanƙarau, don haka can tunanin kowa ya tafi. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau su ne suka ci karo da lamarin a watan Maris. An gwada maganin zazzaɓin cizon sauro, an gwada na sanƙarau, yara ba su daina mutuwa ba. Sai daga baya mutanen ƙauyukan suka tuna cewa agwaginsu ma sun yi ta mutuwa a daidai wannan lokaci, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Jini ne ya warware zancen. Da aka aika jinin wasu yara zuwa wani ɗakin gwaji a Jamus, sakamakon ya dawo da dalma mai yawan da likitoci da dama ba su taɓa gani a jikin mai rai ba. A watan Mayu masana daga cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, suka shiga ƙauyukan Dareta da 'Yargalma gida-gida tare da jami'an lafiya na Najeriya. Abin da suka ƙirga har yau yana da wuyar faɗa: cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Mafi yawansu sun yi jijjiga kafin rasuwa. Cikin waɗanda aka auna jininsu, kashi 97 cikin 100 sun kai matakin da ake buƙatar magani na gaggawa. An ƙiyasta cewa yara sama da 400 ne suka rasu a faɗin yankin, a Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, Bagega da sauransu.

Asalin abin zinare ne. Farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya a shekarun nan, har ya haura dala 1,000 a kan kowane oza, kuma manomin da rani ya bar shi ba aikin yi ya ga dutsen da ke bayan garinsu ya zama kuɗi. Ba wanda zai ga laifinsa. Matsalar ita ce jijiyar dutsen da aka faɗa wa a wannan yanki tana ɗauke da dalma mai yawan gaske. Wani ɓangarenta galina ce, dutsen nan mai ƙyalli da ake yin kwalli da shi, wani ɓangaren kuma ruwa da iska sun daɗe suna cin sa har ya rikiɗe zuwa nau'in da ke narkewa cikin sauƙi a ruwan cikin ɗan Adam. Maza su haƙo, a ɗuro a buhu a kawo gida. Mata da yara su farfasa da guduma, a daka a turmi, a kai injin niƙa irin na hatsi a mayar da shi gari, a bushe, ba ko ɗigon ruwa. Ƙurar ta tashi ta sauka a kan tabarma, randa, tukunya, shanyar gero da ƙasar da jariri ke rarrafe a kai. Binciken ya nuna kusan gida biyu cikin uku ana wannan aiki a tsakar gida. A wasu wuraren dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, wato kashi ɗaya cikin goma na nauyin ƙasar dalma ce zalla, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga filin wasan yara 400 ne cikin miliyan.

To mece ce lambar da ke kan takardar ƙanwata? Ana auna dalma da maikurogiram a cikin kowace desilita ta jini. Maikurogiram shi ne giram ɗaya a raba shi gida miliyan a ɗauki ɗaya. Desilita kuma kashi ɗaya cikin goma na lita ce, kusan rabin ƙaramin kofin shayi. Yaro ɗan shekara biyu duk jinin jikinsa bai cika lita ɗaya ba. Idan ka lissafa, yaron da ke da 45, matakin da ake fara ba da magani, dalmar da ke yawo a dukan jininsa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na nauyin ƙwayar gero ɗaya ba. Wannan ɗan mitsitsin abu ne ke lalata ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ido ba ya gani, hanci ba ya ji, kuma duk ƙwarewar likita ba zai kalli yaro ya faɗi lambarsa ba. Dole sai an auna.

Auna abu mai ƙanƙanta haka yana da nasa tarko. Hanya mafi sauƙi ita ce a huda ɗan yatsa a ɗauki ɗigon jini, amma yatsan yaron da ya wuni yana wasa a ƙasa mai dalma shi kansa yana ɗauke da dalma. Ƙura kaɗan ta shiga ɗigon, lamba ta haura sama, a tsorata iyaye a banza. Don haka ake wanke hannu da sabulu sosai kafin a huda, kuma in lambar ta fito da yawa sai an tabbatar da jinin jijiya, wanda ake zuƙowa da allura zuwa cikin kwalbar da aka tabbatar ba ta da dalma, mai ɗauke da sinadarin hana jini daskarewa. A manyan ɗakunan gwaji akwai na'urori masu ƙona jinin da zafi mai tsanani su ƙirga ƙarfen da ke ciki, kuma su ne mafi inganci, sai dai suna son wutar lantarki marar yankewa, iskar gas ta musamman da ƙwararren ma'aikaci. A ƙauye abin da aka yi aiki da shi wata 'yar na'ura ce mai batir, LeadCare II, wadda ke ba da sakamako cikin minti uku. Iyakarta daga 3.3 ne zuwa 65. Duk abin da ya wuce haka sai dai ta nuna cewa ya yi yawa, ba lamba. A Zamfara mafi yawan yaran farko sun wuce iyakar na'urar, har sai da masana suka fito da dabarar tsarma jinin da wani jini marar dalma, a auna, sannan a ninka. Ta haka aka riƙa ganin 150, 300, har an samu yaron da ya haura 700. Ita ma na'urar ba ma'asuma ba ce: a 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa tana iya nuna ƙasa da gaskiya idan aka yi amfani da jinin jijiya. Wannan ya isa dalilin da zai sa a riƙa aika wani kaso na samfurin zuwa babban ɗakin gwaji don a gwama.

Wurin da ya fi muhimmanci, kuma aka fi rashin fahimta, shi ne abin da lambar ke ba da labari a kai. Dalmar da ta shiga jiki tana fara maƙalewa ne a jajayen ƙwayoyin jini, kusan dukanta. Ba ta daɗewa a nan. A babban mutum rabinta kan bar jini cikin kimanin wata guda. Wata ta fita ta fitsari, wata ta shiga hanta, ƙoda da ƙwaƙwalwa, mafi yawa kuma ta tafi ƙashi da haƙori, domin jiki yana ɗaukarta tamkar kalsiyam, sinadarin da yake gina ƙashi da shi. A ƙashi kuwa zama take yi na shekaru goma, ashirin, har fiye. A babba sama da kashi 90 cikin 100 na dalmar jikinsa a ƙashi take, a yaro kuma wajen kashi 70. Ke nan jini kamar kasuwar ƙauye ne, abin da ya shigo kwanan nan kake gani, ƙashi kuma shi ne rumbu. Yaro zai iya shan ƙura mai yawa yana ɗan shekara ɗaya, a kai shi wani gari, a auna shi yana ɗan shekara shida a ga lamba ƙarama, alhali ɓarnar ta riga ta auku. Haka kuma rumbun yana zubowa a hankali, shi ya sa yaron da ya daɗe cikin ƙura lambarsa kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, kafin ta sauka, ko da an share gidan.

Wannan batu na ƙashi ya fi taɓa mata. Mai ciki da mai shayarwa jikinsu na jawo kalsiyam daga ƙashi don gina ɗan da ke tafe, dalmar da ta kwanta tun ƙuruciya sai ta biyo shi ta dawo jini, ta ratsa mabiyiya ta shiga jikin ɗan tayi. 'Yan matan da suka yi rarrafe a Dareta da Abare a 2010 yanzu sun kai shekarun aure. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ga bai kamata a ce an rufe littafin wannan annoba ba. Kamata ya yi awon ciki a waɗannan garuruwa ya haɗa da gwajin dalma, kamar yadda ake duba ƙarancin jini da hawan jini.

Yara sun fi shiga haɗari saboda dalilai da ke haɗuwa wuri guda. Su ne a ƙasa, hannu daga turɓaya sai baki. Hanjinsu na tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba zai tsotsa. Cikin da ba abinci ya fi tsotsa, haka jikin da ke da ƙarancin sinadarin ayon ko kalsiyam, domin ƙofar da waɗannan ke bi ita dalma ke bi, in ta tarar ba kowa sai ta shige. Ga shi kuma ƙwaƙwalwar na tsakiyar ginuwa. Dalma na hana jiki haɗa jan jini yadda ya kamata, yaro ya yi fari fat, a ce shawara ce ko zazzaɓi. Idan ta haura 70 zuwa 100 ƙwaƙwalwa na iya kumbura, nan ne jijjiga da suma ke zuwa, kuma cikin waɗanda suka tsira akwai waɗanda suka rasa gani, ko magana, ko ƙarfin gaɓoɓi har abada. A manya takan fito da hawan jini, ciwon ƙoda, raunin haihuwa ga maza da ɓarin ciki ga mata.

Amma 38 fa? Nan ne tarihin ma'aunin ke da amfani. A shekarun 1960 likitocin Amurka ba sa damuwa sai yaro ya kai 60. Aka sauko 40, aka sauko 30 a 1975, 25 a 1985, 10 a 1991, 5 a 2012, sannan 3.5 a 2021. Dalmar ba ta ƙara dafi ba, bincike ne ya riƙa gano ɓarna a inda da ake zaton lafiya. An bi dubban yara a ƙasashe daban-daban daga haihuwa har makaranta, aka ga cewa ko ƙasa da 10 akwai raguwar kaifin fahimta, ƙarancin natsuwa da wahalar karatu, kuma abin mamaki, asarar da kowane ƙarin maki ɗaya ke jawowa ta fi girma a ƙananan lambobi. Matsayar Hukumar Lafiya ta Duniya a yau ita ce babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa, kuma tun 2021 ta ce duk wanda ya kai 5 a nemo inda yake samun ta a toshe. Rahoton UNICEF da ƙungiyar yaƙi da gurɓata muhalli ta Pure Earth na 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kusan miliyan 800, ya kai wannan mataki. Saboda haka ɗan ƙanwata da ke bin kaji yana ɗauke da fiye da ninki bakwai na abin da ya kamata ya tayar da hankali. Ba zai faɗi yana jijjiga ba, in Allah ya so. Inda abin zai iya bayyana shi ne a makarantar allo, ranar da malam zai yi ta maimaita masa wanki ɗaya sa'o'insa sun wuce, a ce yaron ba ya da ƙwaƙwalwa ko ba ya jin magana, a haɗa masa da bulala.

To don me ba a ba shi magani ba? Maganin da ake bayarwa, wanda aka fi sani da DMSA, aikinsa shi ne ya kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Ana shan sa ne na makonni, a huta, a sake aunawa. Masu kumburin ƙwaƙwalwa kuma ana yi musu wani na allura a asibiti. Ya ceci rayuka da yawa a cibiyoyin da aka buɗe a Anka da Bukkuyum, mace-macen suka ragu ƙwarai cikin ɗan lokaci. Sai dai yana da iyaka. Ba ya kaiwa rumbun ƙashi, shi ya sa bayan an gama sha lambar kan sake hawa, wasu yaran sai da aka maimaita musu zagaye da yawa. Yana fitar da wasu sinadarai masu amfani tare da dalmar, yana iya taɓa hanta. Sannan wani babban gwaji da aka yi a Amurka kan yara masu lamba tsakanin 20 da 44 ya nuna maganin ya saukar da lambar na ɗan lokaci amma bai dawo da kaifin fahimtar da aka rasa ba. Wannan ne ya sa aka tsayar da 45 a matsayin inda amfanin maganin ke rinjayar illarsa. Ma'aikatan da suka sallami ƙanwata ba rowa suka yi mata ba. Abin da yaronta ke buƙata ba ya cikin kwalba, yana tsakar gidansu.

Nan ne darasin Bagega. Likitoci sun tsaya a kan cewa ba za a fara ba yara magani ba sai an share ƙasar garinsu, domin wanke jinin yaro a mayar da shi cikin ƙura ɗiban ruwa ne da kwando. Sharar kuwa aiki ne na hannu: a auna ƙasa da na'ura mai haska ta, a kankare saman da fartanya da shebur, a kwashe a binne a rami na musamman, a zubo sabuwar ƙasa mai tsabta. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith tare da Ma'aikatar Muhalli ta jiha da matasan garuruwan suka yi wannan a ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, masarautu kuma suka sa baki aka fitar da niƙa daga cikin gari. Bagega ta fi su girma, kuɗinta ya maƙale a Abuja. Yara kimanin 1,500 suka zauna jira, an san jininsu na ɗauke da guba, ba a iya yi musu komai ba. Sai da matasa suka tayar da gangami a intanet da sunan ceto Bagega kafin gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin a farkon 2013. Shekarun jiran nan su ne shekarun da ƙwaƙwalwar yaro ke ginuwa, kuma ba a mayar da su. A ganina wannan ya fi kowane abu nuna cewa lamba ba ta ceton kowa da kanta. Amfaninta shi ne ta nuna gidan da za a shiga da shebur.

Ba dalma kaɗai ke shiga jikinmu ba, kuma ba kowace guba ce jini ke nunawa da kyau ba. Masu haƙar zinare, a nan da wajen Yawuri a Kebbi, suna kama zinaren ne da zaiba, ruwan ƙarfen nan mai sulɓi da ake kira makuri, sannan su ƙona dunƙulen a wuta zaibar ta tashi ta bar zinare. Tururin da ake shaƙa na taɓa jijiyoyi da ƙoda, hannu ya riƙa karkarwa. Irin wannan fitsari ne ya fi nuna shi, wanda ake samu ta cin kifi kuma jini da gashi suka fi nunawa. Manoman shinkafa a fadamun Argungu da Birnin Kebbi da ke feshi ba takunkumi, da masu zuba fiya-fiya a ɗaki ko a buhun wake, nasu daban ne. Yawancin waɗannan magunguna jiki na narkar da su cikin kwana ɗaya zuwa biyu, don haka ba maganin ake nema a jini ba, ana auna wani sinadarin jiki ne da maganin ke danne wa, kuma sai an san matakin mutum kafin lokacin feshi sannan gwajin ke da cikakkiyar ma'ana. Wanda ya je asibiti ya ce a yi masa gwajin guba gaba ɗaya yana neman abin da babu. Sai an san abin da ake zargi kafin a san abin da za a ɗiba da lokacin ɗibarsa.

Ko dalmar ma ba a ramin zinare kaɗai take ba. Kwallin da ake rambaɗa wa jariri tun ranar suna, idan na dutsen galina ne, dalma ce. Jariri ya murza ido ya sa hannu a baki, shi ke nan. Na san wannan magana ba ta yi wa iyayenmu mata daɗi, ni ma da kwalli aka rene ni, amma gaskiya ce, kuma akwai tozalin da ba na dutse ba. Akwai masu fasa tsofaffin baturan mota su narka dalmar a bayan gida, akwai tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarfe, akwai wasu fenti. Yaron Gusau ko Ƙauran Namoda da bai taɓa ganin ramin zinare ba zai iya samun 10 ko 15, ba wanda zai sani, tunda ba a aunawa.

Wannan ne abin da ke damuna. Mun iya aunawa ne kawai bayan an fara jana'iza. Haka aka yi a 2010, haka aka sake a 2015 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka rasu kafin a gane dalma ce. MSF ta auna yara 8,480 a Zamfara cikin shekara goma sha ɗaya, ta ba sama da 3,500 magani, sannan ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha a farkon 2022. Haƙar zinare kuwa ba ta tsaya ba. Gwamnatin tarayya ta hana ta a 2019 saboda 'yan bindiga, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024, kuma duk wanda ya san yankin ya san talaka bai daina ba. Hani ma yana da nasa haɗari, domin mai tsoron kamu cikin gida yake mayar da niƙansa, inda yara suke. An ga wasu gidajen da aka share sun sake gurɓata. An kuma gwada niƙa da feshin ruwa, da wurin wanka da sauya tufafi a bakin aiki, ƙurar ta ragu sosai, jinin masu aikin ma ya nuna sauƙi. Abin da ya rage shi ne asibitocin Anka, Bukkuyum da Maru su kasance da na'ura da kayan aikinta da ba su lalace ba, a riƙa auna kowane yaro a shekara ɗaya da shekara biyu, a haɗa shi da ranar rigakafi tunda uwa ta riga ta zo, kuma duk lambar da ta wuce 5 wani ya bi ta har gida ya duba ƙasa, turmi, buhu da kwalli. Rashin tsaro ya sa wasu ƙauyukan ba sa shiguwa, na sani, amma mutanensu da yawa yanzu suna zaune a cikin garin Anka da Gusau, inda za a iya samun su.

Ƙanwata ta koma da abin da aka gaya mata da wanda muka ƙara mata. Mijinta ya daina shigo da buhun dutse gida, yana wanka ya sauya riga a can bakin aiki. Ta ware turmin hatsi, tana yayyafa ruwa kafin shara, tana wanke hannun yaron kafin ya ci, ta ƙara masa wake, zogale da nono in an samu. Da aka sake aunawa bayan wasu watanni lambar ta sauko 29, ta ƙulle wannan takardar ma tare da ta farko. Yanzu ya girma, yana taya ubansa noma. Ƙanwarsa da aka haifa a wannan gida bayan shekara uku, har yau ba a taɓa ɗibar jininta ba.